Akwatin Likita da Keken Taubashina

A ƙarshen zamanin Turawa ina koyarwa a elemantare a Hadeja, kuma Allah Ya hore mini tumbi. Wata damina na fara haki ko daga gida zuwa masallaci, sai hedimasta ya tura ni asibiti.

Labari ya kai kunnen taubashina. Ubansa da uwata ciki ɗaya suke, don haka tun muna yara ba ya kirana da komai sai bawa. Siriri ne kamar kara, yana ɗauko bandar kifi a keke daga wajen garin Baturiya ya kai tashar Malam Madori. Ya ce lalle zai raka ni, don a gabansa za a faɗi ranar da zai gaje ni.

Likitan Bature ne, Hausarsa a karye amma ana ganewa. Ya nuna mini wani akwatin katako mai matakala, ya ce in hau in sauka har sai ya ce ya isa. Wai zuciya a zaune munafuka ce, sai an sa ta aiki take faɗin gaskiya.

Na tattare riga na fara. Ba a jima ba hulata ta faɗi, gumi ya wanke ni, mazagin wandona ya kwance, na riƙe shi da hannu ɗaya na ci gaba. Taubashina yana bakin ƙofa yana dariya har da dukan cinya.

"Likita, a tausaya wa katakon nan," in ji shi. "Na En'e ne."

Likita ya tsayar da ni, ya riƙe wuyan hannuna yana duban agogo, ya sa robar nan a kunne ya saurari ƙirjina. Ya ce zuciyata lafiya lau, nauyi kawai na ɗora mata. In rage tuwo, in riƙa motsa jiki.

"Matsa, bawa," taubashina ya ce, "ka ga yadda 'ya'ya suke hawa."

Ya tuɓe takalmi ya haye yana yi mini gwalo. Can sai na ga gwalon ya koma ciki. Ya tsaya, ya dafe ƙirji, yana murza hannunsa na hagu. Likita ya zaunar da shi da sauri, ya daɗe yana saurare, sannan ya tambaye shi ko ya saba jin haka.

"Sai in na hau tudu da kaya. Ƙwannafi ne, kanwa nake sha."

Likita ya girgiza kai. Ya ce zuciyar da ke kuka haka in an matsa mata tana iya tsayawa ba sallama. Ya ba shi ƙwayoyin da ake sawa ƙarƙashin harshe, ya hana shi keke da ɗaukar kaya.

A hanyar gida tsoro ya kama ni, sai na tsokane shi na ce, "Maigida, in goya ka?" Ya zage ni tas, hankalina ya kwanta.

Washegari na je na ɗauke keken. Na ce ni aka ce in motsa, shi aka ce ya zauna, ba ni na yanke hukunci ba. Duk ranar da babu makaranta ni ke ɗauko masa kifi, ɗalibaina suna toshe hanci in na wuce.

Shi kuwa ya mai da maganar likita rumfa. Gayyar noman shinkafa, likita ya hana. Matarsa ta ce ya miƙo mata buta, likita ya hana. Ya shimfiɗa tabarma a zaurena yana ba ni umarni, ya ce sai yanzu bauta ta kama hanyarta. Sau ɗaya na kama shi yana cicciɓar kwando a ɓoye, na yi ta ihu har maƙwabta suka fito, bai sake ba.

Haka ya aurar da 'ya'yansa, ya ga tafiyar Turawa, ya ga jikoki. Ajalinsa ya zo da hantsi a kasuwa, yana zaune suna gardama da wani Babarbare kan ko tarwaɗar da ke gabansu ta kogi ce ko ta tafki. Ya ce, "Ta kogi ce, kuma magana ta ƙare," ya jingina da bango. Mutumin ya daɗe yana kawo hujjoji kafin ya lura.