Yadda Na Ari Tafiyar Mamaci

Edita, sallama gare ka da masu karatu. A shekarun da zan ba da labarinsu ni saurayi ne ɗan Damagaram, na zo Arlit neman abinci, Allah ya sa na samu tuƙin motar da ke kai ma'aikata bakin ramin uraniyom tana dawo da su. Ba ni da mata, ba nauyin kowa a kaina, sai surutu da ɗan banzan iya kwaikwayo. Mutum ya yi taku kaɗan a gabana, shi ke nan na ɗauke shi, har yadda yake sosa ƙeya. Wannan halin ne ya kai ni ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarmu, teyatur kamar yadda muke cewa a nan, inda muke taruwa a gidan matasa bayan la'asar mu yi ta shirme har a kira magariba. Ina ji da kaina a lokacin, ba zan ɓoye ba. In aka tafa mini sai in ji ƙafata ta bar ƙasa. Son tafin nan ne ya sa na hana wani bawan Allah da ke kwance a kabari addu'ar mahaifiyarsa na tsawon watanni, kuma labarin da na kawo muku ke nan.

Cikin waɗanda nake ɗauka kullum akwai wani Buzu daga duwatsun Abzin, dogo, mai ƙarancin magana. Kujerarsa ɗaya ce, ta bayan direba, don haka a madubi na fara saninsa. In an tashi daga aiki kowa ya cire hular kwano ya kama hira, shi kuwa tun a cikin mota zai naɗa rawaninsa na turkuɗi, ya ja amawali ya rufe baki da hanci, sai idanu kaɗai. Kafaɗarsa ta hagu a ɗan sauke take, yana jan ƙafar dama kaɗan, kuma kafin ya yi magana sai ya yi ɗan tari ya gyara amawali da yatsu biyu. A hankali muka saba, har nakan bi shi gida shan shayi. Wata rana na kwaikwaye shi a gabansa, ya yi dariya har da hawaye, ya ce don Allah in bar masa tafiyarsa, ita kaɗai ya mallaka a garin nan. Daga baya ɗan tarin nan ya zama babba, ƙirji ya riƙe shi, aka yi ta kai shi likita har rai ya yi halinsa. Ya bar mata da yara ƙanana.

Ƙungiyarmu ta ce za ta shirya wasa, duk abin da aka samu a ƙofa a kai wa marayun. Shugabanmu ya tsara labarin wani makiyayi da ya bar raƙuman ubansa ya zo aikin rami, aka ce ni zan fito a makiyayin. Ni kuwa da iyayi na ce ai ba zan yi shi da kowane rawani ba sai na marigayin. Na je gidan, matarsa tana cikin takaba, na yi ta roƙo daga bayan labule. Daga ƙarshe ta miƙo shi, ta ce kada in wanke, ƙamshinsa bai gama fita ba. Abin da ban sani ba shi ne mahaifiyar marigayin ta iso gari. Tsohuwa ce daga wani kwari mai lambuna can cikin duwatsu, labarin rasuwar ya daɗe kafin ya kai mata, ta zo ba ta ga gawa ba, ba ta ga makara ba, sai mutane suna ta ce mata ta yi haƙuri. Ga yanar ido ta soma rufe mata gani. Ta sauka wajen wasu danginta a unguwar bukkoki da ke gefen gari, su kuma don su ɗebe mata kewa suka kawo ta kallon wasan, suka zaunar da ita a tabarmar gaba. Tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin teyatur ba, ba wanda ya yi tunanin ya bayyana mata mene ne shi.

Har gobe ranar nan tana dawo mini kamar mafarki. Rana ta yi sanyi, haskenta ya yi ja a kan tsibi-tsibin ƙasar da aka tono daga rami, waɗanda suke tsaye bayan gari kamar duwatsu. Ina naɗa rawanin na ji ƙamshin shuni da na ganyen shayi, kafaɗata ta sauka da kanta, ƙafata ta yi nauyi. Da na fito fili sai wurin ya yi tsit. Ina hango abokan aikinsa, ƙattin maza, suna share ido da bakin riga. Ni kaina ban san inda nake ba, ji nake kamar na tsaya a gefe ina kallon abokina yana tafiya. Ana cikin haka tsohuwar nan ta miƙe, ta tako a hankali tana lalube har tsakiyar fili, ta kama wuyan hannuna, ta kira ni da sunan ɗanta. Ta soma yi mini faɗa ƙasa-ƙasa da Hausarta ta mutanen Abzin, wai don me na bari aka tsorata ta, don me na bar mutane suna yi mini fatan mutuwa. 'Yan kallo suka ɗauka cikin wasan ne, wuri ya kaure da tafi. A nan ya kamata in sauke amawali in ce mata Inna, ba shi ba ne. Wallahi na san haka a lokacin. Amma tafin yana shiga kunnena, ga hannunta mai ɗumi a nawa, sai na yi ɗan tari na gyara amawali da yatsu biyu.

Washegari danginta suka aiko, wai ta ƙi cin komai sai ɗanta ya zo. Sun gaya mata gaskiya, ta ce su ne suka zautu, ai ta riƙe hannunsa. Suka roƙe ni in je sau ɗaya tak, ko ta sa wani abu a ciki. Na naɗa rawani na tafi, ta ci abinci, na ce to ai lada na samu. Sau ɗayan nan ne ya zama kullum. Al'adarsu kuma ta rufa mini asiri, don babban namiji a cikinsu ba ya sauke amawali gaban iyaye, ba ya cin abinci a gabansu, ba ya yawan magana. Sai in zauna a bakin bukka bayan na ajiye mota, ita ta yi ta zuba, rabi Hausa rabi Buzanci, ni kuwa tari kawai da gyaɗa kai. In na kwana biyu ban zo ba, da kanta take ba ni uzuri, ta ce aikin rami ne ya riƙe ni.

Ya kamata in faɗi abin da ya fi ba ni kunya: daɗin abin nake ji. Uwata ta rasu tun ina goye, ban taɓa sanin yadda ake zama kusa da tsohuwa tana murza wa mutum yatsu ba. Takan tuna mini lambunmu, wai, da raƙumin da ke jan guga a rijiya, da ruwa yana bin 'yan hanyoyi zuwa gindin dabino da rumman, da ranar da na faɗo daga bishiya na gurɗe ƙafar dama. Tun ina sauraro kawai har na fara ganin kwarin a barci, kore shar, wurin da ban taɓa takawa ba. Da rana ina tuƙi, kawalwalniya tana rawa a kan kwalta, sai in ga kamar ruwan lambun ne ya biyo ni. In na duba madubi, kujerar bayan direba sai ta yi mini kamar da mutum a kai. Shunin rawanin ya rina mini wuya da yatsu, abokai suna tsokanata wai na zama Buzu, ni kuwa ina washe baki. Duk ranar da zan tashi, sai ta ɗaga hannu ta roƙi Allah ya fito da ɗanta daga rami lafiya, ya ba shi tsawon rai, ya nuna masa auren 'ya'yansa. Ni kuma ta bayan amawali in ce amin.

Da matar marigayin ta fita takaba sai ta aiko a kira ni, in zo da rawanin. Na zaci zagi zan sha, ai da zagin ma ya fi sauƙi. Ta gode mini da abin da wasan ya kawo wa yaranta, sannan ta ce akwai abin da take so in duba. Ta ce liman ya roƙa wa mijinta gafara, abokan aikinsa sun roƙa, yaransa ma an koya musu, saura mutum ɗaya, wadda addu'arta ta fi ta kowa kusa da karɓuwa. Ita kuwa tana can tana roƙa wa mutumin da ke kabari tsawon rai, ni kuma ina amsa mata da amin. Ta tambaye ni, addu'ar nan wa take sauka a kansa, ni ko shi? Ta ƙara da cewa tsohuwar ta ƙi komawa gida saboda ni, zafin garin nan yana cinye ta, in ta mutu a haka mijinta ya rasa addu'ar uwa har abada. Ta karɓi rawaninta ta shige ɗaki. Ta bar ni a tsaye a tsakar gidan.

Sai da na yi kwanaki ina kai gwauro ina kai mari kafin na iya zuwa. Wata safiya da ba ni da aiki na sa rigata da hulata na nufi bukkokin, fuska a buɗe. Na yi sallama da muryata ta Damagaram. Ta amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo, ta sa aka ba ni ruwa, ta tambaya ko daga wurin ɗanta nake. Na durƙusa na gaya mata komai, tun daga motar ma'aikata har ranar wasan. Ta ce ƙarya nake, kuma ba ta san abin da suka yi wa mutanen garin nan ba da ake bin su da mugun baki. Sai na yi ɗan tarin nan. Ta yi cak. Na kama hannunta na ba ta yatsuna, ta murza su ta gane su, sannan na ɗora hannun a fuskata. Ta shafa a hankali har ta kai kan tsagen gidanmu da ke kumatuna, wanda ɗanta ba shi da shi. Ta janye hannun ta ajiye a cinya.

Ba ta yi kuka ba, ni ne ma nake yi. Daga can ta soma tambaya, ya sha wuya ne, ya samu yin kalmar shahada, wa ya wanke shi, mutane sun taru a sallarsa? Na ba ta amsar abin da na sani. Ta nemi buta ta yi alwala, ta sa aka daidaita ta gabas, ta ɗaga hannuwa. Ta kira sunansa, ta roƙi Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabari, ya haskaka shi, ya yafe masa, ta ce ita ta yafe masa barin gida da ya yi ba da son ranta ba. Ta daɗe tana yi, kamar mai biyan azumin da ya wuce ta. Na ce amin da muryar kaina.

Ba ta tsine mini ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta dai ce in tashi in tafi, kuma za ta bi bayana da ɗan ganin da ya rage mata, don haka in tafi da tafiyar da uwata ta haife ni da ita, in bar wa ɗanta tasa. Na miƙe, Edita, sai na tsaya. Wallahi na manta yadda nake tafiya. Kafaɗa ta riga ta sauka, ƙafar dama tana neman ja, na rasa wadda zan fara ɗagawa. Haka na fita daga unguwar ina ɗangyashi kamar yaro mai koyon tatata, ina jin idanunta a bayana. Bayan 'yan kwanaki ta bi motar da ta kawo albasa kasuwa ta koma duwatsunta, ban sake ganinta ba.

Har yanzu ina teyatur, har yanzu muna shirya wasa in wani ya shiga hali, kuma aiki ne mai lada. Amma na koyi cewa niyyar taimako ba ta wanke kowace dabara. 'Yan uwana masu wasa, kada ku ɗauki kamannin wanda ya rasu alhali masu kukansa suna raye, kada ku ari tufafinsa don a ce kun iya, kuma kafin ku fito ku duba wanda aka zaunar a tabarmar gaba, don ba kowa ne ya san wasa kuke yi ba. Ku da kuke da tsoho a gida, kada tausayi ya sa ku ɓoye masa mutuwar nasa. Kukan zai yi ciwo, amma mamacin yana jiran addu'ar, kuma haƙƙinsa ce. Yanzu na yi aure, ina da yara. Wani lokaci in na dawo daga aiki a gajiye, matata takan dube ni ta ce in ɗaga kafaɗar nan ta hagu, na zama kamar wani. Sai in ɗaga, in tsaya a bakin ƙofa in roƙa wa marigayin gafara, sannan in shiga.