Mun Je Ɗauko Habu a Gwarzo, Mun Dawo Babu Shi

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Ƙofar Kabuga, ni da abokin aikina, malamin kimiyya a makarantarmu ta Midil. Hedimasta ne ya aike mu ƙasar Gwarzo mu roƙi wani manomi ya mayar mana da ɗansa Habu, yaron da ba a taɓa wuce shi a aji ba.

Bari in faɗa muku dalili. Baturen da suke raba darasi da abokin nawa ya tafi hutu ƙasarsu, sai aka haɗe wa abokin nawa aji biyu a ɗakin gwaji, ɗakin da ko aji ɗaya da ƙyar yake ɗauka. Ya yi ƙorafi, aka ce ya yi haƙuri. Ran da tsautsayi ya faɗa, yara na ture-ture kowa na son ganin abin da ke cikin kwalba, sai gwiwar hannun wani ta bangaje ta. Ruwan asid, irin na batir, ya fallatsa wa Habu a fuska. Bokitin ruwa kuwa yana can bayan ɗaki, kafin malam ya keta yaran ya kawo, idon dama ya tafi.

Motar masu sayen gyaɗa muka samu, muka zauna a baya kan buhunan da ba kowa ciki. Hanyar kuwa ba ta bar mana ƙashi ɗaya a inda Allah ya ajiye shi ba. A Kabo direba ya tsaya shayar da injin, mu ma muka shayar da namu da fura da nono mai kauri, arha kamar kyauta in ka kwatanta da Birni. Ni na sha har da ƙari. Abokina ludayi biyu ya yi ya ture ƙwaryar.

Da azahar muka isa Gwarzo, muka yi gaisuwa a gidan hakimi, aka ara mana kekuna. Daga nan sai burtali tsakanin dawa da ta sunkuya da nauyin zangarniya, har wani ƙauye kusa da Mainika.

Uban Habu, Malam Garba, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure. Gaisuwa ta yi tsawo, gida, gajiya, amfanin gona, har na fara zaton zai sauƙaƙa mana. Da na faɗi abin da ya kawo mu, sai ya dubi abokina.

"Malam, su nawa ne a ɗakin?"

"Sun haura arba'in, Baba."

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai."

Malam Garba ya gyara zama. Sannan ya ce, "Ban riƙe ka a zuciya ba, abin da Allah ya rubuta ne. Amma uwarsa ta ce ɗayan idon nata ne, ba za ta ba ku ba. Ni ma ban ga bakin da zan musa mata ba."

Na kawo zancen kwaleji, na kawo zancen aikin asibiti da yaron ke buri. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya saka da alheri. Shi ke nan.

Aka kira Habu. Ya durƙusa ya gaishe mu, tabon ya janye masa gefen fuska. Da muka fito ya rako mu bakin rijiya yana tura wa malaminsa keke. Can sai ya ce, "Malam, ranar ban samu gani ba. Da aka zuba ɗayan ruwan, launin ya juya kuwa?"

"Ya juya, Habu. Ja yake zama."

"Na yi zaton haka," in ji shi, har da murmushi.

Abokina ya karɓi kekensa ya hau bai waiwayo ba. Sai da muka yi nisa na lura hawaye yake yi.

Mun kwana a Gwarzo, aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji daddawa, washegari muka bi wata motar gyaɗar, wannan karon a saman kaya, muka shigo Birni da la'asar. Hedimasta ya ji bayani, sai ya ce daga gobe a raba ajin biyu, rabi su shiga da safe, rabi bayan hutun ƙarfe tara, kuma a ajiye ruwa a kowane tebur.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan, kuma shi ya fi ci mini rai. Gyaran bai ci ko kwabo ba, bai buƙaci izinin kowa daga sama ba. Magana ɗaya ce ta bakin mutum ɗaya, kuma tun kafin kwalbar ta faɗi ana iya yin ta.