Karan Da Yaya Sanda Bai Karya Ba

Shekara arba'in da biyu ke nan da muka rufe yayana Sanda a Bodinga, kuma wasan waya ne ya sa na ɗauki alƙalami bana. Jikansa Usman ya zo hutu gidana. Kullum yana duƙe kan wani wasan mayaƙan zamanin da, masu sulke da takobi. Rannan na ji ya yi tsaki. Na ce lafiya? Ya ce, "Kaka, wanga wasa babu adalci cikinai. Mai gatari sara guda shi kashe ka, mai baka kuwa sai shi ƙare kibau a banza." Da bakin kakansa ya yi magana.

A zamaninmu, in an gama girbin dawa, samari kan yi yaƙin kara. Karan dawa ne mashi, tsohon faifai garkuwa, a shafa toka a bakin karan. Wanda toka ta taɓa ƙirjinsa ya mutu, ya koma gefe. Yaya Sanda ne alƙali. Kowane kara sai ya tsayar da shi a ƙasa ya gwada da hammatarsa, in ya zarce ya karya shi a gwiwa, ko na ɗan wane ne. Nawa ma ya karya, ina kuka yana dariya.

Shekarar zaɓen ƙarshe na Jamhuriya ta Biyu aka gayyace mu wani ƙauye a ƙasar Shagari. Siyasa ta riga ta ɓata tsakaninmu da su, dattawa suka ce kada a je. Yaya ya ce zumunta a ƙafa take, wasa zai wanke abin da jam'iyya ta ɓata. Ya auna karan kowa, duk suka yi daidai. Tsawo yake aunawa, bai taɓa jinjina nauyi ba, don bai taɓa zaton ɗan Musulmi zai ƙwaƙule cikin kara ya zura ƙarfe ba. Kuma ɗan unguwarmu ne ya yi, ba nasu ba. Ƙarfen ya tsone idon wani saurayinsu. Nan take aka yar da kara aka ɗauki gora. Yaya ya shiga tsakani hannu sake, gora ta same shi a ƙeya. Asibitin lokacin babu magani sai takarda. Bai ga ƙarshen makon ba.

Mai ƙarfen yana nan da ransa, Alhaji ne, sahun gaba a masallaci. Na sha gaishe shi, kuma wallahi kowane karo sai na ji ƙyamar bakina. An ce a bar kaza cikin gashinta, muka bari. Yaƙin kara kuwa daga ranar ya mutu.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Zai ga manomi da bindigar toka yana tsaron gonarsa daga masu bindigar da ba ta numfashi, kuma babu mai tsayawa ya auna. Ina jin zai nemi gwiwarsa ya rasa abin da za ta iya karyawa.

Usman ya ce waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun yi alkawarin rage ƙarfin gatarin. Madalla, su nasu matattun tashi suke yi. Har ya koma makaranta bai sake buɗe wasan ba, ya ce sai an daidaita. Wannan taurin kan ne gadon Yaya da na gani da idona. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ni kuwa abin da ya bar mini daban ne. Har gobe in na tsinci kara a gona, ba na duba tsawonsa, sai na jinjina shi a hannu tukuna.