Ranar da Magudanar Rini Ta Washe

A bakin magudanar rini aka haifi Dou Guifen, a garin da ruwa ba ya kwana da launi ɗaya: yau ja, gobe shuɗi, jibi baƙi ƙirin. Nan ta yi aure, nan ta haihu. Nan kuma mijinta ya zame da kekensa wata damina, ruwan ya haɗiye shi, ko hularsa ba a gani ba. Da aka share makoki, wata masana'antar rini ta ɗauke ta aikin kula da tafkin dagwalonta.

Tana dab da ajiye aiki aka kawo wasu 'yan ƙwallaye masu yauƙi, kamar ƙwan kwaɗi. Injiniya Shen, mace mai yawan barkwanci, ta ce garin azurfa ne a cikinsu, wanda ido ba ya iya gani.

"Ba shanye rinin suke yi ba, Inna Dou. Farfasa shi suke yi, su kuma suna nan yadda suke."

"Abin da ke aiki, bai ci ba, bai rame ba?" in ji Dou. "A wurinmu sunansa aljani."

Shen ta tuntsire da dariya. "To, ki riƙa gaishe su da safe."

Aka zuba su a tafkin tare da wani farin magani. Dou na tsaye jan ruwan ya koɗe, ya yi garau. Warin da ta saba shaƙa tun tana goye ya ɗauke, har shinkafa ta daina yi mata ɗanɗano.

Kafin kaka magudanar garin ta washe. Mutane suka yi cirko-cirko a kan gada suna kallon ƙasan ruwa, ga tukwane, ga takalma. Dou ta daɗe tana kauce wa gadar. Ran nan da rana tsaka ta leƙa, sai ga keken mijinta a tsaye cak cikin ruwa a gindin gadar, ƙafarsa ta gaba tana juyawa a hankali, alhali ruwan ko motsi ba ya yi.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Tsoho, ashe kana kusa."

Shen ta ce bari a kira masu nutso su ciro keken. Dou ta ƙi. Ta bar aiki, ta koma wurin 'yarta a wani ƙauye kan tudu, ta tsufa tana noman kabeji. Jikokinta sun ce idanu a rufe take jan guga a rijiya, don kada ta hango ƙasan ruwa.