Takardar da ke bangon Madam

"Tsaya, Madam, bari in yi alwala tukuna."

Haka na ce wa matar maigidana jiya da safe, da ta ce in sauko mata da wani firam daga bangon falo. Direbansu ne ni a Unguwar Jakadanci, an yi musu canjin ƙasa, muna ta haɗa kaya.

Shekara biyu ina kallon firam ɗin nan. Rubutun hannu ne daga dama zuwa hagu, an zagaye shi da furanni da ruwan zinariya, sak zayyanar allon sauka. Na san Bayahudiya ce, sai na ɗauka ayoyin littafinsu ne, ban taɓa kai masa hannu ba.

Ta yi dariya, ta ce, "Takardar aurenmu ce, Sani. Ketuba muke ce mata. Na gefen nan baitocin soyayya ne daga littafinmu. Na tsakiyar kuwa alƙawuransa ne: ci, sutura, da zama tare da ni."

Na ce, "To abin sirri me ya kai shi bango?"

Ta ce, "Don ya riƙa gani."

Na naɗe shi da bargo, na sa a kwali.

Mu a Maraɗi da baki aka ɗaura mana aure, aka raba goro, aka watse. Ci da sutura dai matata Hadiza ba ta rasa ba. Na ukun ne, shekara huɗu ke nan ban je gida ba.

'Yan iƙama, masu zaman aiki a ƙasar waje irina, da naku na rataye a bango, za ku iya ɗaga kai ku kalle shi?