Maraƙar Agali a Bayan Kat-kat

Ban taɓa mantawa da ranar da na tuƙa mota ba tare da na taɓa sitiyari ba. Ku yi dariyarku, yara, amma ku saurara.

Ni ce mai dafa wa ma'aikatan kiwo na Dakoro abinci in sun fita daji rigakafin dabbobi. Tsarin tafiyar haka yake: shef a gaba, shi ne likitan dabbobi, sai masu allura, sai direba, sai ni da tukwanena. Direbanmu Hamani ne, Bazabarme, ni kuwa Bagobira, don haka a wasan da ke tsakanin ƙabilunmu bawana ne tun kaka da kakanni, ko da yake shi yana cewa ni ce baiwar.

Cikin wata bazara, gab da in aje aiki, muka yi zango a rijiyar da ke arewacin Tagriss. Wani dattijo, Agali, ya kawo maraƙa ja da ta karye a ƙafar baya. Ita kaɗai ta rage mishi daga zuriyar saniyar da ya gada. Shef ya ɗaure ƙafar da kara, ya ce sai a Dakoro za a yi mata ɗorin kirki, amma in ta faɗi a hanya ƙashin ya goce, to wuƙa ce maganinta. Agali ya ja rawaninsa ya rufe hanci, ya ce da shi za a tafi.

Aka fidda kujerun baya na sabuwar kat-kat ɗinmu, motar daji mai ja da ƙafa huɗu, aka tsai da maraƙar kan buhunan dusa. Masu allura kowa ya ce bayansa na ciwo. Ni na shiga na rungume ta.

Motar nan tana da wani ɗan maɓalli kusa da giya, ana murza shi. Hamani ya ce mani akwai ƙarfe a tsakiyar cikinta, difaransiyal, mai raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, maɓallin nan ne ke ɗaure shi ko sakinsa. In an saki, kowanne na juyawa yadda ya ga dama. In an ɗaure, tilas su tafi tare. Na ce ashe raƙuma biyu ne a igiya ɗaya, ya bar wahal da ni da nasaranci.

Mun shiga rairayi a sake, sai gindin motar ya fara rawa kamar na amarya a gaban makaɗa. Maraƙa ta zame, na tare ta da ƙirjina.

"Kai bawa, ɗaure igiyarka!"

"Inna, ni ban ji komi ba tukuna."

"Ina za ka ji, kana zaune wurin sarauta? Ɗaure!"

Ya murza har ƙarshe, mota ta miƙe sambal. Da muka fito kan fako mai tauri, ga kwana, sai ta ƙi juyawa, ta dinga tutsu tana ƙas-ƙas, don ƙafafun gaba na son doguwar hanya, na baya na son gajera, igiya kuwa ta hana. Haƙorana suka haɗu, maraƙa ta yi kuka. Na ce ya saki, ya saki, ta sha kwanar lafiya lau.

Shef ya juyo ya ce tunda bayan mota ne ke fara sani, daga nan Hamani ya bi bakina. Haka muka zo: rairayi in ce ɗaure, fako in ce saki, kan tsakuwar jar hanya ta wajen gari muka daidaita a rabi. Hamani na ta gunaguni wai yau Bazabarme ya zama yaron motar Bagobira. Maraƙar ma ta biya ni ladana, ta jiƙe mani zane sharkaf.

A Dakoro shef ya kwance karan, ya shafa ƙafar a hankali, ya ce ƙashi na nan inda ya bar shi. Agali ya sauke rawani daga fuskarsa. Ranar na fara ganin bakin mutumin, ashe har da wushirya.

Abin da na koya a aikin nan, ku masu tasowa: babu murɗi ɗaya da ya dace da kowace ƙasa, kuma mai riƙe da sitiyari ba shi ke fara jin zamiya ba. In kun zauna gaba, ku bar kunne ɗaya wurin wanda kuka ɗora a baya.