Hoton Inna Dije da 'Yar Farinta

Har gobe idan na ga walƙiya a sama, ranar da Inna Dije ta shigo situdiyonmu na Ketaren Gwari ce ke faɗo mini a rai.

Ku da kuka zo kwanan nan ba ku ga Ladi a bakin aiki ba. Ni ce mai shirya mutane kafin a ɗauke su: in ɗaura ɗankwali, in gyara mayafi, in ce ɗaga haɓa. Ban taɓa shiga aji ba, amma duk Minna ba wadda ta fita daga hannuna ta koka. Maigidanmu Oga Bulus, mutumin kudancin Kaduna, shi ke riƙe kyamara.

Fitilunmu manya ne guda biyu, kowace da lemarta, kuma ba wayar da ta haɗa su da kyamara. Kowace na da ɗan ido kamar ƙwayar wake. Da zarar filashar kan kyamara ta haska, idon ya gani, sai su amsa. Haske ya kira haske. Shekara da shekaru ina kallo, mamakin bai sake ni ba.

A satin da Oga ya ajiye kyamarar fim ya sayi ta zamani mai nuna hoto a bayanta, wata budurwa Hauwa ta zo. Ta gama karatun jinya, an tura ta Fatakwal, washegari za ta tafi. Abin da take so ɗaya ne, hoto ita da mahaifiyarta, Inna Dije. To ita ce 'yar fari, Inna Dije kuwa Bafulatana ce mai tallar nono daga wajen Chanchaga. Kun san kunyar ɗan fari a wurinsu. Ko sunanta ba ta kira, balle ta zauna kusa da ita a idon jama'a. Hauwa ta raɗa mini cewa da ƙyar tsohuwar ta yarda, kuma in ta tashi ba za ta sake zama ba.

Na zaunar da su. Inna Dije ta kawar da kai, ta bar filin da akuya za ta iya wucewa tsakaninsu. Oga ya danna, ɗaki ya haska wal. Ya duba bayan kyamara, sai na ga fuskarsa ta sauya. Hoton duhu ne, sai inuwa biyu.

Inna Dije ta fara laluben takalminta.

"Yaya, ina za ki da ɗaurin nan?" na ce. "Ki fita da ɗankwali a karkace a ce aikin Ladi ne?"

"Ba an gama ba?"

"Ke kin gama. Ni ban gama ba."

Na kwance ɗaurin da ba abin da ya same shi. Ina ɗaurawa ina warwarewa, ina tsokanarta cewa Fulani sai dai tatsa, ɗauri kam sai mu. Ta ce ai shi ya sa nawa ya ƙi zama. Oga yana can yana gumi, yana gwaji a kan bango. Fitilu na haskawa, hoto na fitowa duhu. Can na ji ya yi ajiyar zuciya.

Daga baya ne ya bayyana mini. Sabuwar kyamarar sau biyu take haskawa. Ƙaramin haske take fara saki ta auna ɗakin, sannan na gaskiyar. Fitilunmu kuwa da sun ga ƙaramin sai su juye duk abin da ke cikinsu, kafin kyamara ta buɗe sun mutu. Na ce ni dai ɗaya na gani. Ya ce kowa ma ɗaya yake gani. Ikon Allah. Ashe cikin ƙiftawar ido akwai gaba akwai baya, har wani ya yi sammako wani ya makara.

A ranar dai, ya kashe ƙaramin hasken, ya ɗaga mini gira, na ja gefe, ya danna. Inna Dije ta miƙe, ta ɗauki ƙwaryarta ta fice, ba ta ko waiwaya ba.

Muka leƙa hoton. Kanta na gefe yadda ta ajiye shi, amma idonta ya sulale, yana kan Hauwa. Ina tsaye dab da ita, wallahi ban ga lokacin ba. Hauwa ta daɗe tana duba, sannan ta ce a hankali, "Baba Ladi, ashe tana kallona."

Shi ya sa nake ce muku aikin nan na saiti ne, fitila ta jira kyamara, mu kuma mu riƙe mutum a kujera. Abin da mutanenmu ke ɓoyewa, leƙowa kawai yake yi ya koma. Kada ku bar kowa ya tashi kafin mai kyamara ya duba.